Manomin da ya bar wa dabbobi dusa

Zauna, ɗana, yau sai ka ji ni. Na je dubiyar ƙanena, mahaifinka, na tarar da shayi da burodi a gabansa, alhali da kunnena na ji abin da likita ya ce a riƙa ba shi. Wannan sakaci ne, kuma ina so a gyara tukunyar gidan nan kafin azahar, ba gobe ba. Tunda magana kai tsaye ba ta shigarku, ga misali.

An yi wani manomi da ya sha wuya a shekarun fari, ya ci zogale da wake har suka gundure shi. Da Allah ya buɗa masa, sai ya rantse abincin yunwa ba zai sake shiga akushinsa ba. Gero kuwa ya ce a surfe, a bakace, a sake surfewa, har tuwo ya fito fari kamar alli, dusar a zuba wa dabbobi. Gyaɗa da riɗi kasuwa yake kai su, ya sayo farar shinkafa da taliya. Haka ya shekara da shekaru yana tinƙaho. Wata safiya yana alwala buta ta suɓuce masa, baki ya karkace, ɓarin jikinsa na dama ya shanye. A asibiti likita ya ce hawan jini ne ya yi masa illa, kuma gwaji ya nuna jininsa yana da ƙarancin wani sinadari, magniziyam, mai taimakon jijiyoyi. Ya ce masu ƙarancinsa sun fi shiga haɗarin wannan cuta, kuma sauƙi kan yi musu nawa. Ya ba da magani, ya nuna motsa jiki, ya ce a riƙa ba shi wake, gyaɗa, ganye da hatsin da ba a raba da dusarsa ba.

To, ka ji inda abin haushin yake. Da aka dawo gida sai iyalinsa suka ga abin kunya ne 'yan dubiya su tarar da maigida yana cin kwaɗon zogale kamar wanda ya rasa. Rannan da babbar 'yarsa ta yi ƙarfin hali ta kwaɗa ta kawo, kawar da kai ya yi, ya ce da karkataccen bakinsa, "Ni za a mayar baya?" Aka ɗauke, aka kawo shayi. Ƙwayar magani dai yana sha, amma hannu ya ƙi tashi, damina ta sauka maƙwabta suka fita shuka, shi yana jingine a zaure. Wata rana 'yar ta sake gwadawa, ta ajiye masa kwanon a gefen dama. Sai ga ragon gidan, wanda dusa da harawa suka cika wa wuya, ya tsinke igiya ya shigo, ya tura baki a kwanon ya share shi tas. Maigida yana kallo, yana tsawa, hannun da zai kore shi da shi yana kwance a cinya kamar na aro. Dabba ta san abin da ke gina jiki, mai ita bai sani ba! Ai Hausawa sun gama magana: ɗan hakin da ka raina, shi ke tsone maka ido.