Hoton Oga Ammar

"Daga yau aikinki ɗaukar hoto," in ji Oga Ammar a gaban ma'aikata.

Laifin Rekiya, lauyar kamfanin, ta gaya masa manyan kwamfutocin da suka sayo daga Amurka ba a sayar wa wata ƙasa sai da lasisi.

Ta rataya kyamara.

Ranar da baƙin ƙasar waje da ya sayar wa kwamfutocin ba lasisi suka zo kwasar kayan a ma'ajiyar kamfanin da ke Karmo, Oga ya gyara hula, ya rungumi mai sayen a gaban kwalayen. "Ɗauka da kyau, ki watsa kowa ya gani!"

Da Amurkawan suka haramta sayar masa da ko waya, ya kira ta yana kumfar baki.

"Ranka ya daɗe, kowa ka ce. Da su na fara."