Ɗigon Jan Farce

Da allon ya sake yin shuɗi, ya haɗiye zanen ginin da ta wuni tana yi, sai ta zare katunan ram guda biyu, wato ma'ajiyar wucin gadi, daga cikin kwamfutar ta nufi shagon yayanta.

Da hannunta ta haɗa kwamfutar, kuma duk abin da ta sa a ciki sai da ta ɗiga masa jan farce. Lafiya lau take aiki har ranar da Yaya ya zo ya kakkaɓe mata ƙura. A hanya ta duba katunan, babu ɗigon. Ta ce ƙila zafi ne ya cinye shi.

"Ai na gaya miki haɗa kwamfuta ba kitso ba ne," in ji Yaya, yana dariya.

"Taka ba ta mutuwa?"

"Ko sau ɗaya, ƙanwata. Hannu ya bambanta."

Ta sunkuyar da kai don kunya, idonta ya sauka kan akwatin kwamfutarsa mai gefen gilashi. Ram biyu na ciki, kowane da jan ɗigo, launi ɗaya da farcenta.