Mai Karanta Zuciya a Jirgin Laure

Ƙwayoyin wuri huɗu suka faɗi a tabarma, uku a kife. Laure ta ce ikon bai ci ba. Mero ta ture ƙwaryar gyadar da ke gabanta.

Shekara uku ke nan da rediyo ya ce an taka duniyar wata, tun lokacin Laure ta ƙirƙiro wasan. Da la'asar 'yan matan unguwarsu a Gumel sukan zauna ɓarar gyada, tana ba da labarin jirgin da ke ratsa taurari, kowace da aikinta a ciki. A'i ce matuƙiya. Mero ce mai karanta zuciya, amma sau ɗaya tak a zama, shi ma sai wuri ya yarda.

Mero ta ce wannan ba iko ba ne, rowa ce.

"In kika ga cikin kowa, ƙawata, wa zai ƙara zama a tabarmar nan?" in ji Laure.

Mero ba ta saba musu da ita ba. Laure kaɗai ta iya boko a cikinsu, da kanta ta koya a littattafan yayanta. Ita ke kawo wasiƙun Halliru, saurayin Mero, direban da ya tafi Damagaram shekara biyu da suka wuce, ta ce 'yan kasuwar Maigatari ke ba yayanta. Ita ke karanta wa Mero su a hankali: ki jira ni, ina tafe bayan damina. Saboda kalmomin nan Mero ta sallami Ilu tela har sau uku, ya gaji ya koma wajen Laure. Jibi za a sa Laure a lalle.

Yau Mero ta kafe. Zaman ƙarshe ne, a sakar mata ikon duka ko ta tashi. A'i ta goya mata baya. Laure ta yi dariya, ta buɗe littafin dokokin wasan da ba ta bari a taɓa, ta rubuta, ta yago shafin.

"Ungo. Kyautar amarya."

A gida Mero ta buɗe kwallarta don ta ajiye shafin kan wasiƙun. Ba ta san harafi ko ɗaya ba, amma tun tana ƙarama take ɗinkin hula, in ta ga aikin hannun mutum sau ɗaya ba ya ɓace mata. Ta jera takardun a gado, ta daɗe tana kallo.

Layin takarda ɗaya, tawada ɗaya, yagar gefe ɗaya, hannu ɗaya: na Laure. Halliru bai taɓa rubuto mata komai ba.