Hayaƙin Karan Hatsi

Shekarar da aka kawo ni kolej a Konni daga Tajaye, gidan gwaggota na zauna, kuma ni ke hura wutar tuwo da karan hatsi. Duk wankin da zan yi wa kayana, hayaƙin ba ya fita. A aji bakin taga nake zama don kada a ji.

Wata Laraba da la'asar, Nafisa, ɗiyar wani jandarma da aka turo daga gabas, ta ja ni gidansu mu yi bitar karatu. Su da gas suke girki, falonsu sai ƙamshin turare. Na ɗosana a gefen kujera, na matse hannuwana a jiki kamar hakan zai tsare warin.

Mahaifiyarta ta kawo mana ruwan sanyi. Ta sunkuya za ta ajiye, sai ta tsaya, ta ja numfashi. Na ji kamar ƙasa ta tsage in shige.

"Ɗiyata, da kara kuke girki?"

"I, Hajiya," na ce, kaina a ƙasa.

Ta zauna dab da ni, ta kama bakin mayafina ta kai hanci, ta lumshe ido.

"Haka zanen innata yake. Rabona da jin wannan tun da ta rasu."

Ba ta tashi ba har muka gama bitar.

Yau ni ma da gas nake girki. Amma duk sanda na je Tajaye ganin gida, mayafin da na dawo da shi ba na gaggawar wanke shi.