Ƙyalle a Idon Kafinta

Da ta tura ƙofar shagon, sai ta tarar da mahaifinta ya ɗaure idanunsa da ƙyalle, yana goge katako da samfefa. Likita dai ya ce idanun ba za su kai baɗi ba, amma ba ta zaci abin zai zo da wuri haka ba.

"Baba! Har sun tafi?"

"Suna nan, ke ma da azarɓaɓi," in ji tsohon kafintan. "Koyon aiki nake yi. Gara duhun ya zo ya same ni a shirye."

Ta ga yatsunsa duk yanka. Ta roƙe shi ya rufe shagon ya dawo gidanta ya huta, ai ya yi mai wuyar.

"In huta in jira me? Ba kallon duniya aka kawo ni ba, 'yata. An kawo ni in gyara wani abu a cikinta ne, ko da ƙafar kujera ce."

Ya lalubo hannunta ya ɗora a kan katakon. Sai a lokacin ta lura da 'yan sandunan gefe. Ashe gadon jariri ne. Ta dafa tsohon cikinta.

"Da ido na gama shi, na ce ya yi," ya ce. "Ina rufe ido na ji sartse ko'ina. Shi kuwa mai gadon ba da ido zai san aikina ba, da fatar jikinsa ne. Miƙo min sabuwar samfefa."