Sunan da Inna ta ƙi kamawa

Rabe, malamin lakwal ɗin Bande, wato makarantar boko, ya zo wurin Furera bayan la'asar don ya gaya mata magabatansa za su zo tambayar aurenta ranar Juma'a. Ta shimfiɗa masa tabarma a zaure, amma ita ta ƙi zama.

"Mun ji ka jiya a rediyo," ta ce, idonta a ƙasa.

Ya gyara hula yana murmushi. An nuna majigin noman gyaɗa a Magariya, masu rediyo suka nemi ra'ayinsa, shi kuwa ya ba fim ɗin biyar bisa ashirin, kamar yana duba jarrabawa.

"Gaskiya na faɗa. Dubi matar nan mai ɓarar gyaɗa. An tambaye ta sunan ɗiyarta, ta rufe fuska tana dariya."

"Jahila ka ce da ita."

"To, ai..."

"Innata ce, Malam. Ni ce 'yar fari. Wace uwa ce za ta kama sunan 'yar farinta a bainar jama'a?"

Ya daina murmushi. Bai taɓa ɗaga ido ya dubi fuskar surukar tasa ba. Shi kansa ɗan fari ne, kuma uwarsa ba ta taɓa kiran sa Rabe ba.

"Tare da maƙwabta Inna ta saurare ka," in ji Furera. "Yau ma ita ta ce in shimfiɗa maka tabarma."

"Furera..."

Sai yanzu ta dube shi.

"Kada ka ƙara kama sunan nan. Wadda ta fi ka iko da shi ma ba ta kama shi."