Tafintan Lansana

Karo na huɗu ke nan wayar Malam Sama'ila tana rawa a aljihunsa, shi kuwa yana tsaye a ɗakin canza kaya yana fassara surutun Alhaji Badaru zuwa Faransanci.

Alhaji Badaru shi ne mai kulob ɗin Taurarin Gabas a Daura, kuma mutum ne da bai yarda da ɗan gida ba ko kaɗan. A wajensa, yaron da aka san uwarsa ba ya cika fili da 'yan kallo. Yaran Zango da na Mai'adua sun sha zuwa gwaji da takalmin aro, a sallame su ƙafarsu ba ta taɓa ƙwallo ba. Amma ranar da Sama'ila, malamin Faransanci a wata sakandare, ya kawo masa wani dogon saurayi mai kitso da takardun ƙasar Gini, wai shi Lansana, ai ko minti goma ba a yi ana gwada shi ba. Aka ba shi ɗaki da lamba tara, aka ɗauki Sama'ila tafinta.

Wata bakwai ke nan, ƙwallo goma sha ɗaya. Lansana ba ya magana da kowa. In an tambaye shi abu, sai ya sunkuya ya yi ƙus-ƙus a kunnen tafinta, tafinta ya zuba bayani mai tsawo. 'Yan wasa har tsiya suke yi, wai Faransanci akwai albarka, kalma biyu ta haifi ashirin.

Sama'ila ya zame waje ya ɗaga wayar. Ƙanwarsa Haulatu ce daga garinsu, Babban Mutum.

"Yaya, jikin Inna ya rikice. Tun safe take kiran sunayenku. Don Allah ku taho."

Saura awa guda a take wasa, wasan da in an ci kulob zai hau mataki na gaba. Ya koma ya ja Alhaji gefe ya faɗa masa.

"Subhanallahi! Je ka, Malam, uwa ai ba wasa ba ce. Akwai mai shayin nan na bakin tasha, mutumin Maraɗi ne, Faransanci a bakinsa kamar ruwa. Yanzu zan sa a ɗauko shi."

"A'a, Alhaji! Kada a ɗauko kowa. Zan tsaya."

Alhaji ya dube shi sama da ƙasa. A ransa ya ce, kai, son aiki har ya kai haka?

Sama'ila ya sake gwadawa. Ko za a hutar da Lansana yau, tun jiya yake kukan cinya? Ga Mansur nan a benci, ɗan gida, ƙafarsa ba ta da laifi. Alhaji ya yi dariya har da tafawa. Jama'a sun cika fili tun azahar, kuma ba Mansur suka zo gani ba. Ga jami'an gasa ma sun iso, suna bin takardun 'yan wasa ɗaya bayan ɗaya, don bara an kama wani da na bogi, aka haramta masa ƙwallo har abada, aka miƙa shi ga 'yan sanda.

Haka Sama'ila ya zauna a kan benci da waya a hannu, tafiya ta gagara, zama ya gagara. Babur ɗinsa na nan a bakin ƙofa, tanki cike da mai. Tausayin kansa ya kama shi, ya ji ya tsani ƙwallo da duk wanda ya ƙirƙiro ta. Can gefe Lansana yana ɗaure takalmi, ya ɗaure ya kwance, ya sake ɗaurewa.

An jera za a fita fili ke nan wayar ta sake yin ƙara. Wannan karon Haulatu ba ta yi magana ba, kuka kawai take yi. Sama'ila ya yi salati da ƙarfi.

Alhaji ya dafa kafaɗarsa. "Allah ya jiƙanta, ya sa ta huta. Yanzu kam dole ka tafi a yi sutura da kai. Gaya wa baƙonmu da yarensu cewa rasuwa aka yi maka, kada hankalinsa ya tashi, ya ci mana wasan nan."

Sama'ila ya juya. Jami'an gasa biyu suna tsaye a bakin ƙofa riƙe da takardu, 'yan wasa duk sun zuba ido. Ya buɗe baki, Faransancin da ya yi shekara goma sha biyu yana koyarwa ya ƙi fitowa. Abin da ya iya kawai shi ne girgiza kai a hankali, yana roƙo da ido.

Lansana bai kula ba. Ya fito daga layi, ya cafki rigar tafintansa da hannu biyu, ya ce da Hausar Babban Mutum tsantsa:

"Yaya Sama'ila, Innarmu ce ta rasu?"